RA'AYINMU: Daga Lamingo zuwa Kongo-Rasha, a auna ƙarfin ruwa kafin ya iso bangon talaka

A daren Lahadi, 22 ga Yuli, 2012, ana cikin kwanakin farko na azumin Ramadan, aka tafka ruwan sama na sa'o'i a birnin Jos. Madatsar ruwa ta Lamingo ta tumbatsa, ruwan ya gangaro ta rafin Rikkos ya faɗa cikin unguwanni. Ƙungiyar agaji ta Red Cross ta ba da rahoton tsamo gawarwaki aƙalla 35 a kwanakin farko, tare da gidaje kusan 200 da suka rushe ko suka lalace. Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo su suka fi jin jiki. An je jaje, an raba katifu da buhunan shinkafa, an yi gargaɗi kan gini a bakin rafi, sannan babbar ambaliyar da ta mamaye ƙasa a ƙarshen wannan damina, wadda hukumar NEMA ta ce ta kashe mutum 363 ta kuma raba fiye da miliyan biyu da muhallansu, ta zo ta shafe labarin Jos daga shafukan jaridu.

Abin da ya kamata a tsaya a kansa shi ne, tumbatsa ce ta yi wannan ɓarna. Madatsar tana nan tsaye har yau. Tambayar da ta dace duk wanda ke da alhakin tsare rayuka ya yi wa kansa ita ce: ranar da bango irin wannan ya buɗe gaba ɗaya, cikin minti nawa ruwan zai iso Rikkos? Da wane zurfi, da wane gudu? Wane layi ne zai koma kogi, wane gida ne zai tsaya, wanne zai kwanta a kan masu shi? Magidanci a Kongo-Rasha, ko a Nasarawa Gwong, ko a duk wata unguwa mai cunkoso da rafukan Jos ta Arewa suka ratsa ko suka gefta, yana da haƙƙin sanin ko gidansa na cikin hanyar ruwa ko yana wajenta. Idan akwai wata takarda a wani ofishi da ta amsa wannan tambaya, to ba ta iso hannunsa ba, kuma takardar da ba ta iso hannun mai gida ba, ba ta ceci kowa ba.

A yau waɗannan tambayoyi suna da amsa, kuma ba duba ba ne. Injiniyoyi na gina kwaikwayon ambaliya a kwamfuta: su shigar da siffar ƙasa da kwaruruka da gadoji da gidaje, su shigar da yawan ruwan da madatsa ke riƙe da shi, sannan su fasa bangon a cikin na'ura su ga inda ruwan zai bi daƙiƙa bayan daƙiƙa. Lissafin da ake dogaro da shi tsoho ne. Wani injiniyan Faransa, Saint-Venant, shi ya tsara ƙa'idojin gudun ruwa a kwari tun 1871, kuma a 1892 wani Bajamushe mai suna Ritter ya warware lissafin abin da ke faruwa idan aka zare bangon madatsa farat ɗaya. Bisa lissafinsa, ruwa mai zurfin mita 10 da aka saka a kan busasshiyar ƙasa mai santsi, goshinsa zai iya gudun kusan kilomita 70 a sa'a. Duwatsu da bishiyoyi da gine-gine na rage wannan gudu ƙwarai, amma abin da ya rage ma ya fi ƙarfin ƙafar tsohuwa da goyo a cikin duhu. Abin da kwamfuta ta ƙara shi ne iya maimaita wannan lissafi sau miliyoyi, a kan ƙasa ta gaske mai tudu da gangare.

Wannan jarida na ganin cewa inda aikin gwamnati ya gaza ba a bangon madatsa ba ne kaɗai. Bayan masifar Alau, Gwamnatin Tarayya ta kafa kwamiti don duba lafiyar madatsun ƙasar nan, kuma a farkon 2025 ta amince da Naira biliyan 80 don sake gina ta Alau da faɗaɗa ta. Wannan daidai ne. Sai dai duba bango rabin aiki ne. Injiniya mai gaskiya ba ya rantse maka cewa bangonsa ba zai taɓa faɗuwa ba. Abin da zai yi shi ne ya faɗa maka abin da zai biyo baya in ya faɗi. Wannan rabi na biyu, wanda ya shafi mutanen da ke kwance a ƙarƙashin madatsa, shi ne ba a cika jin an ware wa kuɗi ba, wataƙila domin ba shi da wurin yanka kyalle ranar buɗewa.

Yana da kyau mai karatu ya san abin da ruwa ke yi wa gini, domin yawancinmu zurfi kawai muke tambaya: ya kai gwiwa ko ya kai ƙirji? Ruwan da zai cika akwati mai mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi nauyinsa tan ɗaya ne. Idan ruwa mai zurfin mita ɗaya ya tsaya cak a bayan bango, cikin ɗaki kuma a bushe, yana tura kowace mita ta bangon da ƙarfin kusan rabin tan. Bangon ɗaki mai mita huɗu na ɗauke da kusan tan biyu ke nan, daga gefe, ta fuskar da magini bai taɓa tunanin nauyi zai zo ba, domin shi bango an yi shi ne ya ɗauki rufi daga sama. In zurfin ya ninka zuwa mita biyu, turin ba ninki biyu yake yi ba, ninki huɗu yake yi. A nan akwai wani abu mai ɗaure kai: gidan da aka toshe ƙofofinsa tsaf ruwa bai shiga ba, bangonsa ya fi shan matsi a kan wanda ruwa ya shiga, domin ruwan ciki na tokare na waje. Shi ya sa a Amurka ƙa'idar gini a yankunan ambaliya ta tanadi a bar kafofi a ƙasan bango ruwa ya shiga ya fita. Kaya su jiƙe, gini ya tsaya.

Wannan duk ruwa ne a tsaye. Ruwan madatsa kuwa gudu yake yi, kuma shi ma gudun in ya ninka, bugunsa ninki huɗu yake ƙaruwa. Ga kuma dukan farko na goshin ruwa, wanda ba ya wuce ƙiftawar ido amma yana iya fin duk abin da zai biyo baya ƙarfi. Ga abin da ruwan ya kwaso a hanya: gungumen itace, kwantenar mai shago, Keke Napep, kwanon rufin maƙwabci, kowanne ya zama guduma. Ga zaizayar da ke ƙwaƙule ƙasa a kusurwar gida har harsashi ya rataya a iska. Wanda ya taɓa ganin gidan da ya tsira daga ambaliya da daddare ya rufta da hantsi ya san wannan. Ginin ƙasa kuma yana da tasa cutar daban: ba sai ruwa ya buge shi ba, ya isa ya tsaya a gindinsa na wasu sa'o'i, tubali ya sha ya koma laka.

Kwaikwayon kwamfuta mai kyau yana fitar da waɗannan abubuwa gida-gida. Yana nuna cewa lungu mai matsi tsakanin gidaje biyu na ƙara wa ruwa gudu, kamar yadda yake yi a bakin mazurari. Yana nuna cewa layin farko na gidaje na kare na bayansu, har zuwa lokacin da ya faɗi ya zama makamin rusa su. Yana nuna cewa makaranta ko masallaci ko coci mai bene da ginshiƙan kankare na iya zama mafaka, ko kuma tarko, gwargwadon inda yake tsaye. Daga nan ake sanin wa za a fara tasa daga barci, ta wace hanya zai bi, da gadar da bai kamata kowa ya nufa ba.

Ba a yarda da irin wannan lissafi haka kawai. Ana gwada shi ne da masifun da suka riga suka faru. A daren 2 ga Disamba, 1959, madatsar Malpasset da ke kudancin Faransa ta fashe, ruwan ya isa garin Frejus, ya kashe fiye da mutum 400. Bayan haka 'yan sanda suka bi kwarin suna auna alamar da ruwa ya bari a gaɓa. Aka kuma yi dace da wani abu: ruwan ya lalata na'urorin rarraba wutar lantarki guda uku a wurare daban-daban, kuma an san daidai lokacin da kowacce ta mutu, don haka aka san lokacin isar ruwan kowane wuri. Har yau ana yawan ɗora sabuwar manhajar ambaliya a kan Malpasset a ga ko za ta fitar da abin da ya faru. Mutanen da suka mutu a can sun bar wa duniya ma'auni, domin an samu waɗanda suka fita da abin awo kafin alamar laka ta goge.

Mu kuma me muka auna? Bagauda ta ɓalle a Kano a watan Agustan 1988. Madatsar Gusau ta karye a ƙarshen Satumban 2006. Ruwan Goronyo ya mamaye ƙauyukan Sakkwato a 2010. Alau ta yi wa Maiduguri ambaliya a 1994, ta sake a ranar 10 ga Satumba, 2024, inda ruwa ya shiga Fadar Shehun Borno da Kasuwar Monday da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, ya rusa katangar gidan yari fursunoni fiye da 270 suka fice, ya kuma saki namun dawa daga gidan zoo. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan darasi ce da aka biya kuɗinta da rayuka. Abin da aka fi ƙirgawa bayan kowacce shi ne buhunan tallafi da adadin 'yan gudun hijira. Wane irin bango ne ya faɗi, a wane zurfi, wanne ya tsaya, wannan ƙidaya ce da ba a saba jin hukuma ta fitar ba. A Jos, shaidun 2012 suna nan da rai. Akwai waɗanda za su iya nuna maka da yatsa inda ruwa ya kai a jikin bango, su faɗa maka ko kafin su kwanta ne ko bayan. Wannan ilimi ne da ke raguwa kowace shekara, kuma shi ne kaɗai abin da za a gwada kwaikwayon kwarin Lamingo da shi a san ko gaskiya yake faɗa.

A nan ne muke son jan hankalin jami'an da za su rubuta takardar neman amincewa, domin akwai hanya mai sauƙi ta ɓarnatar da kuɗi a wannan fanni. Manhajar ba ita ce mai tsada ba. HEC-RAS, wadda sashen injiniyoyi na rundunar sojan Amurka ya ƙirƙira, kyauta ake sauke ta daga intanet, kuma tun 2016 take iya bin ruwa a faɗin ƙasa, ba a cikin kwari kaɗai ba. Akwai wasu irinta, su ma kyauta, masu iya lissafa bugun ruwa a jikin bango ɗaya. Duk ɗan kwangilar da ya kawo takardar kuɗi mai kauri da sunan sayen manhaja, a tambaye shi da kyau. Abin da ke cin kuɗi da lokaci shi ne abin da za a zuba a cikinta. Taswirar tudu da kwari da ake samu kyauta daga tauraron ɗan'adam tana ɗaukar fili mai faɗin mita 30 a matsayin ɗigo ɗaya. A unguwa irin Kongo-Rasha, inda lungu bai fi mutum biyu su gifta juna ba, mita 30 ta haɗiye gidaje da yawa da kwata da kwalbati a ɗigo guda. Wanda ya yi aiki da wannan zai fito da taswira mai launi ja da shuɗi, kyakkyawa a allon taro, wadda ba ta san akwai lungun da ruwa zai bi ba. Ana buƙatar awo na kusa, da jirgi marar matuƙi ko na'urar haske mai auna ƙasa daga sama, sannan mutane su bi da ƙafa su auna bakin kowace gada da kowane kwalbati, su rubuta wanda shara ta cushe. A auna kuma laka da yashin da suka taru a cikin madatsar kanta, domin tafkin da ya cika da laka ya fi saurin tumbatsa.

Matsala ta biyu ta fi wannan zurfi. Ma'aunin da injiniyoyi da dama ke amfani da shi wajen cewa gida zai faɗi ko ba zai faɗi ba, wanda Clausen da Clark suka fitar a 1990, an ciro shi ne daga ɓarnar da fashewar madatsar Dale Dyke ta yi a Sheffield ta Ingila a 1864. Gidajen jan bulo ne na Turawa. Ba ginin jar ƙasa da aka shafe da siminti ba ne, ba kuma bulon yashi ba ne irin wanda ake buga da yawa daga buhun siminti ɗaya don a rage tsada. Binciken jami'o'inmu ya sha nuna cewa bulon da ake sayarwa a kasuwa sau da yawa bai kai ƙarfin da hukumar SON ta gindaya ba. Idan aka ɗauki ma'aunin Sheffield aka ɗora a kan Gangare, kwamfuta za ta ce gida na tsaye alhali ya daɗe da kwanciya. Wannan aiki ne da ya dace da Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Ƙasa, NBRRI: ta gina bangaye irin waɗanda talakawa ke ginawa da gaske, ta sake musu ruwa, ta rubuta inda kowanne ya karye. Ba aikin da ya fi ƙarfin kasafin shekara ɗaya ba ne, kuma sakamakonsa zai yi amfani daga Sakkwato har Yola.

Dalilin da ya sa muke ganin Jos ce ta dace a fara da ita ba tausayi ba ne kawai. Birnin na zaune a tudu mai tsayin kusan mita 1,200, a kan duwatsun da ba sa shan ruwa, rafukansa gajeru ne masu gangare. Ambaliyar Binuwai, idan an saki ruwan Lagdo daga Kamaru, tana ba Makurɗi da Lakwaja kwanaki su shirya. A Jos maganar mintuna ake yi. Ga madatsun a kan birnin, ga mutane a ƙarƙashinsu, tazarar kaɗan ce, wanda ke nufin filin da za a auna ƙarami ne, kuɗinsa ma haka. Kuma kayan aikin na gida ne: Cibiyar Nazarin Ƙasa daga Sararin Samaniya ta hukumar NASRDA a Jos take, ga Jami'ar Jos, ga Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Kaduna ba nisa. Hukumar NIHSA, wadda ke fitar da hasashen ambaliya kowace shekara, tana faɗin jihohi da ƙananan hukumomi da garuruwan da ke cikin haɗari, kuma hakan na da amfaninsa. Amma a ce wa mutum ƙaramar hukumar Jos ta Arewa na cikin haɗari, bai san ko ya kwashe iyalinsa ko ya gyara kwanciya ba.

Akwai kuma madatsun da ba su cikin rajistar kowa. Haƙar kuza ta shekaru da dama ta bar wa Filato ɗaruruwan kududdufai, wasu da tarin ƙasa kawai ke riƙe da ruwansu. Abin da ya faru a Mokwa ta Jihar Neja a ranar 29 ga Mayu, 2025, inda fiye da mutum 150 suka mutu a Tiffin Maza da Unguwar Hausawa, ya isa gargaɗi: hukumomi sun ce ba daga Kainji ko Jebba ruwan ya fito ba, rahotanni kuma suka nuna taruwa ya yi a bayan tudun layin dogo kafin ya ɓalle. Duk tudun hanya mai toshasshen kwalbati madatsa ce da ba ta da injiniya. A Derna ta Libiya, a Satumban 2023, madatsu biyu ne a jere, ta sama ta fashe ta tafi da ta ƙasa, dubban mutane suka halaka a dare ɗaya, bayan wani masani ɗan ƙasar ya riga ya wallafa gargaɗi a kansu shekara guda kafin nan. Rubutun yana nan, wanda zai ɗauke shi ya kai teburin mai yanke hukunci ne ba a samu ba.

Sai maganar da ta fi kowace wuyar faɗa. Jos ba birni ba ne da za a ja jan layi a taswira a ce waɗannan gidaje su tashi, a zaci kowa zai ɗauka maganar ruwa ce. A Kongo-Rasha ne tartsatsin rikicin 7 ga Satumba, 2001 ya fara tashi, kuma rikice-rikicen 2008 da 2010 sun ƙara raba mazaunan birnin, kowa ya koma inda yake jin zai kwana da ido biyu rufe. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi gini a bakin rafi ba ganganci ne ya kai su ba. Nan ne filin da ya rage a ɓangaren da suke jin aminci, nan ne kuma kuɗinsu ya kai. Mai cewa su koma wani wuri sai ya faɗi wane wuri. Taswirar ambaliya a irin wannan gari na iya zama makami a hannun mai son ya rage yawan wasu a wata mazaɓa, kuma ko da ba a yi niyyar haka ba, za a zarga. Maganin wannan zargi shi ne a yi aikin a fili. A auna kwarin gaba ɗaya daga bangon madatsa har inda ruwan ya fice daga gari ta Dilimi, ba tare da tsallake unguwar kowa ba. A sa masu unguwanni da limamai da fastoci da matasan kowane ɓangare cikin masu bin lunguna da abin awo. A wallafa sakamakon da Hausa da Turanci, a liƙa shi inda mutane ke taruwa, a kuma saki alƙaluman da aka yi lissafi da su domin duk injiniyan da ke shakka ya sake bugawa da kansa. Ruwan da ya taso daga Lamingo ba ya tambayar sunan mai gida, kuma wannan na cikin 'yan abubuwan da mazauna gaɓa biyu na rafi ɗaya za su iya zama a kansu ba tare da an tuna musu da baya ba.

Bai kamata kuma a ɗauka ƙarshen kowane lissafi rusau ne ba. Sau da yawa abin da kwaikwayon ke nunawa ya fi haka araha: a faɗaɗa bakin wata gada da ke tare ruwa, a ɗaga harsashin gidajen wani layi da dutse da siminti zuwa tsayin da aka lissafa, a sa ginshiƙi a kusurwoyi, a gyara mafitar rarar ruwa ta madatsa, a kafa ma'aunin ruwa da jiniya, a ba mai gadin madatsa lambobin wayar masu unguwannin da ke ƙasa da ikon kiransu ba sai ya jira izini daga hedikwata ba. Inda lissafi ya nuna babu ginin da zai tsaya, a nan ne za a yi maganar tashi, da diyya da fili a hannu tukuna, bulldoza daga baya.

Madatsun Jos na gwamnatin jiha ne, kuma mun san amsar da aka saba bayarwa a Abuja idan aka kawo irin wannan batu. Amma Ma'aikatar Albarkatun Ruwa da Tsaftar Muhalli ta Tarayya ce ke da alhakin shimfiɗa ƙa'idar lafiyar madatsu, NEMA ce ke kwasar gawa idan abin ya faru, kuma Asusun Kula da Muhalli, wanda jihohi ke karɓar kasonsu daga cikinsa, don irin wannan aka kafa shi. Abin da muke nema daga ma'aikatar shi ne ta mayar da shi sharaɗi: duk madatsar da ke da gari a ƙarƙashinta, ta tarayya ce ko ta jiha, sai ta mallaki taswirar fashewa da ta kai matakin gida-gida, da tsarin kwashe mutane da aka gwada da rana tsaka, kafin a sake sakin kuɗin gyara ko faɗaɗa ta. A fara da kwarin Lamingo a kasafin da ake shiryawa yanzu, a yi awon ƙasa da rani lokacin da rafukan suka janye ana ganin gindin gadoji, domin taswirar ta kasance a hannun masu unguwannin Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo da Kongo-Rasha kafin ruwan Yuli.